Sarkin Kano Alu Maisango, Daga Yaƙin Basasa Zuwa Lakwaja

Duk ɗalibin da ya fito daga Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya kamata ya riƙe ranar 1 ga Fabrairu, 1903. A ranar ce igwar Turawan Ingila ta fara tashi a ƙasar Kano, kuma a ƙofar garin Bebeji ta tashi, kwana biyu kafin ta isa birni. Sarkin da aka zo yaƙa kuwa a ranar ba ya Bebeji, ba ya Kano, yana can ƙasar Sakkwato. Shi ne Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu, ko Alu Maisango, sarki na ƙarshe da ya mulki Kano kafin Turawa su cinye ta. Tarihinsa muka kawo muku a allon wannan makon.

Ta kowane ɓangare Alu ɗan sarauta ne. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1883, ɗan Sarki Ibrahim Dabo, tushen gidan Sulluɓawa da ke riƙe da sarautar Kano har yau. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan wannan kakan nasa aka sa masa. Wato jininsa ya haɗa da gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ku riƙe wannan, domin ya yi masa rana daga baya. Ya taso da karatun addini da hawan doki, kamar sauran 'ya'yan sarki na zamanin, kuma an shaide shi da ilimi.

Da Maje Karofi ya rasu, ƙanensa Muhammadu Bello ya hau. Maje Karofi ya bar 'ya'ya masu yawan gaske, da yawansu kuma suna riƙe da sarautu. Bello ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya yana naɗa nasa, don ya share wa ɗansa Tukur hanya. Shekara goma ana wannan, 'ya'yan Abdullahi suna haɗiye fushi. Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya ce Tukur za a naɗa, saboda bajintar da Tukur ya nuna a gabansa a yaƙin Argungu. Mafi yawan manyan Kano kuwa Yusufu ɗan Maje Karofi suke so. Aka naɗa Tukur. Yusufu ya kwashi 'yan'uwansa da bayin gidansu suka fita daga birni suka kafa sansani a Takai. Daga nan aka shiga abin da har yau ake kira Yaƙin Basasa, Tukurawa da Yusufawa, 'ya'yan wa da ƙane suna kashe juna.

Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu a Garko a 1894. Aka zaɓi Alu ya gaje shi, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi cikin 'yan'uwan. Dalilin a fili yake: wanda uwarsa 'yar gidan Sakkwato ce, shi ne zai fi sauƙin samun yardar Sakkwato idan an ci yaƙi. A cikin shekarar Alu ya fasa ganuwa ya shiga Kano. Tukur ya fita ya nufi wajen iyakar Katsina, aka bi shi, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, daga nan rayuwarsa ta ƙare. Sarkin Musulmi ya jima yana ƙin amincewa, daga ƙarshe ya haƙura ya karɓi Alu. Amma an riga an yi ɓarna. An ƙone garuruwa, an kashe mutane, an kama 'ya'ya an sayar kamar bayi. Fatake ma ba su tsira ba, alhali su ne arzikin wannan yanki namu. Bebeji tun da can zango ne babba a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano, a nan ne ma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja.

Abin lura shi ne, da ƙarfin takobi Alu ya hau gadon Dabo, kuma da sabawa umarnin Sarkin Musulmi. Tsakanin Kano da Sakkwato aka samu tsaga, kuma a cikin Kano kanta akwai gidajen da ba su manta da jininsu ba. Shekara takwas kacal suka rage kafin Turawa su iso.

Sarautarsa duk a kan doki ya yi ta. Laƙabin Maisango ma daga makami ya samo shi, sango wani irin mashi ne da ake ɗurawa a bindiga a harba, irin na maharban giwa. Ya tara bindigogi, ya ba bayin sarki, su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, ƙarfi sosai, domin su suka tsaya masa a Basasa. Ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Waziri, ya naɗa Abbas Wambai. Daga kudu Ningawa ƙarƙashin Ɗanyaya suna fitowa daga duwatsu suna kai hari, su kwashe mutane da dabbobi su koma. Garuruwan kudancin Kano irin su Tudun Wada da Rano sun fi kowa sanin wannan masifa, shi ya sa kusan kowane tsohon gari a nan yake da ragowar ganuwa. Daga arewa kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya shigo ƙasar Kano da igwogi da 'yan bindiga, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa, Kanawa suka yi asarar barade da dama.

Damagaram ɗin nan da ta hana Kano barci, a 1899 Faransawa suka cinye ta cikin ɗan lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa wani sabon abu ya shigo duniya.

A nan sai mu ɗan ɗaga kai mu duba waje, don kada mu ɗauka Kano kaɗai abin ya faɗa wa. Zamani ne da ƙasashe masu masana'antu suke rabon duniya kamar naman layya. Sun zauna a Balin ta Jamus a 1884 zuwa 1885 sun tsara yadda za su raba Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Amurka ma ta tura wakilai. Ita Amurkan nan da ta ƙwaci kanta daga mulkin Ingila, take alfahari da 'yanci, ita ma ta shiga sahu. A 1893, shekarar da Basasa ta tashi a Kano, wasu Amurkawa masu gonakin rake suka kifar da sarauniyar tsibiran Hawai da taimakon sojan ruwan ƙasarsu, a 1898 aka haɗe tsibiran da Amurka. A wannan shekarar ta 1898, lokacin da Alu yake fama da Damagaram, Amurka ta yaƙi Sifaniya da sunan 'yantar da Kyuba. Cikin 'yan watanni ta ci yaƙin, ta karɓi Fato Riko da Guwam, ta biya Sifaniya dala miliyan 20 ta karɓi tsibiran Filifin da mutanen cikinsu gaba ɗaya. Mutanen Filifin sun riga sun kafa jamhuriyarsu ƙarƙashin Emiliyo Aginaldo, suna zaton Amurka taimako ta zo yi. A Fabrairun 1899 sai ga su suna yaƙi da ita. Kafin a ce an gama a 1902, fararen hula sama da 200,000 sun mutu, akasari saboda yunwa da annoba da yaƙin ya jawo.

Kowace ƙasa da hujjar da take kafawa. Amurka ta ce wayewa za ta kai wa mutanen Filifin. Ingila ta ce cinikin bayi za ta hana a ƙasarmu. Gaskiya ne kuwa ana harin bayi a lokacin, akwai kasuwar bayi a cikin birnin Kano, bai kamata mu ɓoye wannan don muna son sarkinmu ba. Sai dai bayan hujjar akwai kasuwa, akwai kuma tsere da Faransa, wadda ta riga ta zauna a Damagaram tana leƙen Kano.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya shelanta cewa Arewa duk ta shiga hannunsu, alhali mafi yawan ƙasar ko ganinta bai taɓa yi ba. Daga nan ya shiga cin ta gari-gari. Bida da Kwantagora a 1901, Yola ma a shekarar, Bauci da Borno da Zariya a 1902. Kowanne sarki shi kaɗai ya fuskance su, babu wanda ya kai wa wani gudunmawa. Alu yana jin labari. Abin da ya yi shi ne abin da kakanninsa suka saba yi: ya sa aka gyara ganuwar Kano, aka yashe gwalalo, aka ƙarfafa ƙofofi, ya kuma umarci garuruwan da ke kan hanyar Zariya su ɗaga nasu ganuwoyin, kada wanda ya buɗe wa Nasara ƙofa.

Sanadin da Lugga yake nema ya samu a Oktoban 1902. Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe wani jami'in Bature, Kyaftin Maloni, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya ba shi masauki. A al'adar sarauta ba a miƙa wanda ya zo neman mafaka, a wajen Turawa kuwa wannan shelar yaƙi ce. Mahukunta a Landan ma ba su cika son a tafi Kano ba, suna tsoron asara, amma Lugga ya riga ya tara soja a Zariya.

A cikin watan nan ne Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru. Farkon Janairun 1903 Alu ya ɗebi mahaya wajen 2,000, da Waziri da Wambai da mafi yawan manyan fada, ya tafi Sakkwato yin ta'aziyya da mubaya'a. Ya bar birni a hannun bayinsa amintattu, Sarkin Shanu da Sallama. Wannan tafiya tana da dalili, domin bai taɓa zuwa gaida Abdurrahman da zuciya ɗaya ba, ga kuma damar gyara zumunci da shawara a kan Turawa. Amma a ganinmu lissafin lokacin bai yi daidai ba. Maƙiyi yana Zariya, tafiyar 'yan kwanaki, sarki kuma ya kwashe ƙarfin doki ya yi yamma.

Ranar 29 ga Janairu Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja sama da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Turawan cikinsu ba su kai 40 ba. Sauran duk baƙar fata ne, da yawansu Hausawa da Yarbawa da aka ɗauka aikin soja. Ita bindiga mai ruwan, Ba'amurke ne ya ƙirƙiro ta, Hiram Makzim, a 1884 a Landan, tana iya zuba harsashi ɗaruruwa cikin minti guda.

Suka iso Bebeji suka tarar da ƙofa a rufe, mutane a kan ganuwa. Kyaftin Abadi, wanda Hausawa suka sa wa Maijimina, ya matso ya yi magana da mutanen garin, ya nemi a buɗe. Ku auna halin da Sarkin Bebeji yake ciki. Idan ya buɗe ya saɓa wa ubangidansa, kuma ya san hukuncin wannan. Idan ya ƙi, ga abin da bai taɓa gani ba an girke a gabansa. Ya ƙi buɗewa. Aka saita igwa aka harbi ƙofar, harsashin ya farfasa ta, ya kashe sarkin da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta. Soja suka shiga, aka kashe mutane da dama. Duk abin bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Labari ya riga rundunar yin gaba, garuruwan da ke tsakanin Bebeji da birni, waɗanda aka sha wahalar gyara ganuwoyinsu, masu tsaronsu suka janye ba a yi faɗa ba.

Ranar 3 ga Fabrairu suka isa Kano. Ganuwar ta ba su mamaki, su da kansu sun rubuta cewa ba su ga irinta a Afirka ba. Suka harbi Ƙofar Dukawuya, igwa ta kasa yin komai, sai suka zagaya Ƙofar Kabuga suka fasa ta suka shiga. Mahayan da suka fito fili bindiga mai ruwa ta tare su. Turawa sun ƙiyasta Kanawa wajen 300 suka mutu, su kuwa ba a kashe musu ko mutum ɗaya ba, sai 'yan raunuka. Sarkin Shanu ya koma gidan sarki da 'yan mutanen da suka rage masa, ya yi ta faɗa har aka kashe shi a nan.

Alu yana kan hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara, labari ya same shi. Aka zauna shawara, kai ya rabu. Wasu suka ce a tafi a yi yaƙi, wasu suka ce a yi hijira zuwa gabas, wasu suka ce a nemi sulhu. A Birnin Goga ne abin da har yau ake muhawara a kansa ya faru. Cikin dare Alu ya bar sansani da 'yan mutane kaɗan, ya yi arewa. Gari ya waye runduna ba sarki. Masu kare shi suna cewa hijira ya nufa, yana son ya kai Makka, kuma fita daga ƙarƙashin mulkin wanda ba Musulmi ba ra'ayi ne da manyan malamai suka riƙa a lokacin, shi Sarkin Musulmi Attahiru ma abin da ya yi ke nan daga baya. Masu sukarsa suna cewa Attahiru da rana ya fita, da tuta, da jama'arsa, Alu kuwa ya bar dubban mutanen da suka biyo shi ba tare da ya ce musu komai ba. Ba wanda zai ce matsoraci ne, mutumin da ya yi shekara tara yana yaƙi. Mai yiwuwa shi ne ma ya fi kowa fahimtar cewa doki da lifidi sun gama aiki. Duk da haka, tafiyar daren nan tana da wuyar karewa.

Rundunar ta dare biyu. Waziri Ahmadu ya ɗauki waɗanda suka zaɓi yaƙi, suka ci karo da wata ƙaramar ƙungiyar soja a kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Sojan ba su kai 50 ba, ƙarƙashin wani Laftanar Rait. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu suka tsaya. Baraden Kano suka yi ta sukuwa a kansu, ana zubar da su suna sake dawowa, har wajen awa biyu. Waziri ya faɗi a nan tare da manyan Kano da dama, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Wambai Abbas kuwa ya lallaba da sauran jama'a ya dawo Kano ya miƙa wuya, a watan Afrilu Lugga ya naɗa shi sarki, da sharaɗin bin umarnin Razdan. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Attahiru ya yi gabas, talakawa suna barin gonakinsu suna binsa, har aka tare shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da Magajin Keffi.

Alu bai yi nisa ba. Ya ɓad da kama ya yi shigar fatake, amma a ƙasar Gobir aka gane shi, aka tsare shi, aka miƙa wa Turawa. Shekara biyu kafin wannan, a Maris 1901, haka Amurkawa suka kama Aginaldo a maɓoyarsa, kuma 'yan ƙasarsa da ke yi wa Amurka aikin soja ne suka yi dabarar kai su wurinsa. Dabarun iri ɗaya ne ko'ina: a yi yaƙi da hannun 'yan ƙasa, a kama shugaba, a kai wanda ya ƙi sunkuyawa nesa da mutanensa. Amurka tsibirin Guwam take kai nata. Ingila Lakwaja.

An fara kai Alu Yola, daga baya aka mayar da shi Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, garin zafi da sauro, nesa da iskar Dala. Ba shi kaɗai ba ne. Sarkin Zazzau Kwasau ma can aka kai shi, haka Sarkin Bida Abubakar, daga baya kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi. Yana tsare a 1906 lokacin da Turawa suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato a watan Maris, suka kuma kashe Sarkin Haɗejiya Muhammadu a watan Afrilu. A cikin Maris ɗin nan dai, sojan Amurka suka kewaye Musulmin kudancin Filifin da suka fake a kan dutsen Bud Dajo, suka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara. Yana can jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da ake nomawa don biyan haraji, kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa, inda mutanen wurin suka daɗe suna narka ta da kansu.

Shekara 23 ya yi a tsare, fiye da ninki biyu na shekarun da ya yi a kan mulki, yana karatu da ibada. Bai sake ganin Kano ba. Abbas ya rasu a 1919, wani ɗan'uwan nasu, Usman, ya hau. Alu ya rasu a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ɗan Abbas ya zama Sarkin Kano. A unguwar Kabawa ta Lakwaja aka binne shi, kusa da sauran sarakunan da aka kai can, kuma har yanzu Kanawa da suka bi ta garin sukan tsaya su yi masa addu'a.